Sauka Dubu Shida da Ban Rubuta Ba

Litinin, 30 ga Mayu, 1988. Bayan la'asar.

Alfred ya zo. Shekara uku ban sa shi a ido ba, tun ranar da kamfanin jiragen ya sallame mu, mu sittin, da wasiƙa iri ɗaya, sunaye kawai aka canza. Shi ya tsaya a Kano yana bin ofisoshi. Ni na biyo wata mota zuwa Dutsin-Ma don an ce ana neman mai gyaran famfon ruwa. Aikin famfo ya ƙare, na koma gyaran injin niƙa. Mutumin da ya yi shekara goma sha tara a ƙarƙashin fiffiken jirgin sama.

Ya iske ni hannu duk baƙin mai, ina kwance injin Malam Rabe, mai gidan da nake haya. Ya yi ƙiba. Ya tsaya bakin rumfa yana dariya, ya ce, "Yaya Enoch, ashe da gaske ne, jirgin naka dawa yake ɗauka yanzu."

Na ce masa ai ko ba komai dawa ba ta ƙorafin jinkiri.

Abin da ya kawo shi: an sayar da Tsohuwa. Haka muke kiran jirgin nan mai farfela biyu da kujera arba'in, wadda ta riga ni shiga kamfani da shekara uku. Wani ɗan kasuwa na Kurfi, Alhaji Manu, shi da abokansa biyu suka saye ta, za su riƙa jigilar fasinja tsakanin Kano, Kaduna da Jos. Hukuma ta ce sai injiniya mai lasin, wanda ya san jirgin, ya duba littattafanta ya sa hannu cewa da sauran kwana a gabanta. Ni ne na fi kowa saninta. In na sa hannu, ni ne babban injiniyansu, da gida mai ɗaki uku a Sabon Gari, shi ma Alfred a ɗauke shi aiki.

"Ka ɗauko matarka Lai'atu daga Kagoro, ku zauna kamar mutane," in ji shi.

Ya bar mini littattafan, guda huɗu, a naɗe cikin takardar siminti. Zai dawo ranar ashirin ga wata mai kamawa.

Talata, 31 ga Mayu. Da safe.

Na rubuta wa Lai'atu. Na faɗa mata zancen gidan, har da ɗaki uku. Na ba Bilya direba, mai zuwa Kafanchan duk mako. Sai da motar ta sha kwana na tsaya ina tambayar kaina gaggawar me nake yi.

Laraba, 1 ga Yuni. Azahar.

Ban kwance ƙullin littattafan ba.

Alhamis, 2 ga Yuni. Da yamma.

Zafi ya kwantar da ni a kan benci da rana, injin yana ta niƙa a bayana. Ƙarar ta yi ta canzawa a kunnena har ta koma ƙarar farfelar hagu, wadda kullum take ɗan makara kafin ta kama. Sai na ga Tsohuwa tana saukowa ta bayan dutse, a hankali, kamar mace ɗauke da tulu. Ta sauka a gonar Malam Rabe ta Dabawa ba tare da ta karya ko kara ɗaya ba. Aka buɗe ƙofa, fasinjoji suka fito, kowa da ƙwaryar hatsinsa a kai, suka yi layi suna jirana in niƙa musu. Ban san fuskar kowa ba. Duk sun san sunana.

Huseina, matar Malam Rabe, ta tashe ni. Ta ce garinta ya kusa ƙonewa a injin, ni kuwa ina ta murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

Asabar, 4 ga Yuni. Da safe.

Ruwan farko ya sauka jiya, mai yawa. Gari duk ya watse gona. Babu mai kawo niƙa, babu abin da zan fake da shi. Na share rumfa sau biyu. Ƙullin yana nan a kan tebur.

Lahadi, 5 ga Yuni. Bayan an tashi daga coci.

Malam Rabe ya dawo daga shuka, ya zauna a kan tayar da nake ajiye wa baƙi, yana cire laka daga tsakanin yatsun ƙafarsa. Ya nuna ƙullin da haɓa, ya tambaye ni shekarar jirgin nawa. Na ce ashirin da biyar. Ya ce to ai yarinya ce, ko ƙanwar Huseina ta girme ta.

Na yi masa bayani cewa mu ba da shekara muke auna tsufan jirgi ba, da sauka muke aunawa. Duk lokacin da tayoyi suka bugi ƙasa, ƙarfen da ya ɗaure fiffike da gangar jiki yakan ɗan lanƙwasa ya miƙe, kaɗan, ido ba ya gani. Kamar wayar da kake lanƙwasawa da hannu: ba ta ce maka komai, har zuwa lokacin da za ta rabu biyu. Waɗanda suka ƙera Tsohuwa sun yanka mata sauka dubu arba'in da biyar. Bayan nan sai an canza ƙarfen, aikin da ya fi ƙarfin jirgin da masu ita gaba ɗaya.

Ya shafa gwiwarsa, ya ce ashe ciwonsu ɗaya da ita, shi ma tashi da zama ne suka cinye shi. Sai ya tambaye ni ita nawa ta yi.

Na ce littafi ya ce dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu. Alfred ya faɗa mini.

"To mi ya hana ka buɗe shi, Injiniya?"

Na ce hannuna da mai.

Talata, 7 ga Yuni. Azahar.

Talata ce. Ban taɓa son Talata da Alhamis ba tun da na baro Kano.

Laraba, 8 ga Yuni. Da yamma.

Bilya ya kawo amsar Lai'atu. Shafi biyu, ita da ba ta son rubutu. Ta ce, Baban Dina, na san Ubangiji bai manta da mu ba. Ta faɗa wa matan zumunta na coci, sun yi addu'ar godiya. Ta ba wa ƙanwarta awakin. Tana tambaya tagogin gidan nawa ne, don ta fara ɗinka labule. Ta ce shekara uku, Dina 'yarmu tana makarantar kwana, ita tana dafa abincin mutum ɗaya, har hannunta ya manta awo, amma zai tuna.

Ba ta taɓa zuwa nan ba. Ni na hana ta. Ɗaki ɗaya ne a bayan rumfar injin, ƙofarsa sai ka karkata, garin dawa a kan komai har a kan Littafi Mai Tsarki. Matar da ta saba in dawo mata da farar riga mai tambari a kafaɗa.

Na karanta wasiƙar sau uku. Na sa ta a ƙarƙashin ƙullin, iska kada ta ɗauke.

Juma'a, 10 ga Yuni. Bayan an sauko masallaci.

Alhaji Manu ya aiko mota ta kai ni Kurfi. Hanya duk ta yi kore, mutane sun duƙa a gonaki, duwatsun Kurfi sun jiƙe suna sheƙi kamar bayan shanu.

Na tafi da fatan in iske mugun mutum. Da na same shi da girman kai, ko ya tura mini ambulan ta ƙarƙashin tabarma, da na san yadda zan yi da shi, da kuma kaina. Sai na iske dattijo siriri a zaure, yana gyara wa kansa igiyar takalmi. Ya tashi ya ba ni buzunsa. Ya ce da jaki ya fara, yana kai fata Katsina, daga nan keke, daga nan akori-kura, yanzu ga shi Allah ya kawo shi sama. Gidajensa biyu na Katsina da motocinsa uku duk sun tafi cikin jirgin. Zai sa mata sunan mahaifiyarsa, Zinariya, a rubuta da shuɗi a gefen ƙofa. Tsohuwar tana nan da rai a cikin gida, ba ta gani sosai, amma ta ce ita za ta fara shiga.

Bai tambaye ni komai game da littafin ba. Da zan tashi kawai ya ce, "Ni ban san ƙarfe ba, Injiniya. Abin da ka ce shi ne."

An cika mini mota da zabi biyu da kwandon ƙwai. Duk hanya zabin suna kuka a bayana.

Asabar, 11 ga Yuni. Da safe.

Na kwance ƙullin. Warin hanga, rumfar da muke gyaran jirage, ya taso daga takardun, man jirgi da ƙura da taba sigarin Bature. Na rufe.

Lahadi, 12 ga Yuni. La'asar.

Ban je coci ba. Na hau dutse, na zauna inda ake hango ruwan madatsar Zobe yana ƙyalli daga nesa. Wani jirgi ya wuce can ƙololuwa, ba a jin ƙararsa, sai farin zare da yake ja a baya. Na bi zaren da ido har ya warware ya zama gajimare. Na tuna yadda Tsohuwa take idan an wanke ta da asuba, ruwa yana ɗiga daga fiffikenta, ni kaɗai a ƙarƙashinta ina taɓa kusoshi ɗaya bayan ɗaya. Nakan yi mata magana. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Wani lokaci da harshen garinmu, wanda ko Dina ba ta iya sosai ba.

Masu ƙera jirgi kullum suna barin rara. In sun ce arba'in da biyar, ƙila ƙarfen ya kai sittin. Wannan gaskiya ce, kowane injiniya ya sani. Na yi ta maimaita ta a kan dutsen har ta daina yi mini kama da gaskiya.

Talata, 14 ga Yuni. Azahar.

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tun da littafin nan nawa ba ya da baki.

Daga 1971 zuwa 1973, duk Talata da Alhamis, ana cire Tsohuwa daga jigila a ba wa sababbin matuƙa su koyi sauka. Su taso, su zagaya filin, su taɓa ƙasa, su sake tashi ba tare da sun tsaya ba, su sake zagayowa. Awa uku. Wasu su ajiye ta kamar ƙwai, wasu su maka ta da ƙasa har in ji a haƙorana daga bakin hanga. A awa ukun nan takan taɓa ƙasa sau ashirin, wani lokaci fiye.

Ni ke rubuta littafinta a lokacin. Baturen da ya koya mini aiki ya ba ni doka ɗaya: idan jirgi ya tsaya ka sa masa katakon tare taya, sai ka rubuta layi ɗaya. Katako ɗaya, layi ɗaya. Dokar jigilar fasinja ce, kuma daidai take a can. Babu wanda ya ce mini ranar horo daban take, ni ma ban tambaya ba. Ina jiran ta gama, ta zo ta tsaya, in sa katako, in rubuta: horo, awa uku, sauka ɗaya.

Yau na ƙirga layukan. Ɗari biyu da casa'in da shida, duk da rubutuna, mai kyau, a miƙe, irin wanda ake yaba mini a makarantar mishan. Kusan sauka dubu shida ba su shiga littafi ba. Tsohuwa ta wuce dubu arba'in da bakwai. Ta haye iyakarta tun kafin a sallame mu, da mutane a cikinta.

Na gane kuskuren a 1979, a wani kwas a Zariya, malami yana magana a gaban allo, ni kuwa gumi yana bin bayana. Na ce zan faɗa idan na koma. Na koma na ce ai za a ajiye ta kafin ta kai. Shekara tara ke nan.

Laraba, 15 ga Yuni. Da safe.

Baturen ya mutu a ƙasarsu. Yaran da suka koyi tuƙi a kanta yanzu manyan kyaftin ne, babu wanda zai tuna sau nawa ya taɓa ƙasa a wata Alhamis. Ni kaɗai ne.

Alhamis, 16 ga Yuni. La'asar.

Sun kore ni da wasiƙa mai layi huɗu. Wanda ya sa mata hannu bai san fuskata ba. Wa ya tsaya ya ƙirga mini tawa saukar? Don me ni kaɗai zan zama mai gaskiya a ƙasar nan, a bakin injin niƙa?

Amma Alhaji Manu ba shi ya kore ni ba. Tsohuwar da ba ta gani ma ba ita ba ce.

Asabar, 18 ga Yuni. Azahar.

Na sake yin barcin rana. Wannan karon gidan Sabon Gari na gani. Lai'atu tana rataye labule, taga bayan taga, tagogin ƙanana ne masu zagaye, a jere, ba su ƙarewa. Tana ta cewa in miƙo mata na gaba. Ƙasan ɗakin yana ɗan rawa a ƙarƙashin ƙafata, ita ba ta ji.

Malam Rabe ya ce na rame. Ya ce ko menene, in tuna Allah ke riƙe da abin can sama, ba ƙarfe ba. Na ce haka ne, amma ƙarfen ni aka ba wa. Ya dube ni, ya aiko Huseina da fura.

Litinin, 20 ga Yuni. Da yamma.

Alfred ya zo da takardar, an buga ta da tafireta, sunana a ƙasa, wurin sa hannu kawai ya rage. Na zaunar da shi, na buɗe masa littafi na biyu, na nuna masa layukan. Ya daɗe yana kallo. Ya san abin da yake gani, shi ma injiniya ne.

Ya rufe littafin da kansa, ya ce, "Ni ban ji ka ba, Yaya."

Ya ce masu ƙera suna barin rara. Ya ce shekara uku kawai za ta yi, a sayar, a sayi wata. Ya ce in na faɗa, lasina ya tafi, ba na sake taɓa jirgi har in mutu, kuma ba ni kaɗai zan faɗi ba. 'Ya'yansa shida, babbar tana aji biyar, shekara uku yana cin abinci a gidan surukai. Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce masa gobe da safe zan je Kurfi, ya zo mu tafi ko ya tsaya.

Ya ce, "Ka tuna da Lai'atu."

Na ce ita nake ta tunawa.

Ya bi motar yamma ya koma Kano. Ban ga laifinsa ba. Na yi ƙoƙari in gani, ban gani ba.

Talata, 21 ga Yuni. Bayan la'asar.

Na je. Na iske Alhaji a zaure da mai fenti, suna duba samfurin rubutun da za a yi a gefen ƙofa. Na roƙi mai fentin ya ba mu wuri.

Na faɗa masa duka, da katakon, da kwas ɗin Zariya. Ban ce Bature ne ya koya mini ba sai da ya tambaya. Ya saurara yana jan carbi a hankali, har ya daina ja. Ya tambaya ko ana iya gyarawa. Na ce ana iya, amma kuɗin zai sayi irinta biyu. Ya tambaya ko za ta faɗo in ta tashi. Na ce ban sani ba, ƙila ta yi shekara goma, ƙila Talata mai zuwa, kuma rashin sanin nan shi ne abin da ba zan sa wa hannu ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Shekara tara, Alhaji."

"Da ka faɗa shekara tara da suka wuce, da gidajena na nan."

Na ce haka ne.

Muka zauna. Daga cikin gida ana jin muryar tsohuwar tana faɗa da wata a kan gishiri. Can ya ce in rubuta, a gabansa, yadda abokansa da hukuma za su gani da idonsu. Na buɗe shafin ƙarshe, na ja layi ɗaya a kan dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu, na rubuta lambar gaskiya a ƙasa da jan biro, da dalili, da kwanan wata, da sunana, da lambar lasina.

Ya karɓa, ya ajiye a gefen buzu. Ya ce, "Ba zan ce maka na gode ba, Injiniya. Bakina bai iya ba yau." Ya sa aka kawo mini tuwo duk da haka, ya zauna har na ci. Ya ce shi zai san abin da zai gaya wa tsohuwa.

A motar haya na dawo.

Laraba, 22 ga Yuni. Da safe.

Na rubuta wa Lai'atu. Babu gida, babu aiki, lasin ma zai tafi, kuma laifina ne tun kafin a haifi Dina. Na gaya mata girman ɗakin nan da tafin ƙafa: tara da bakwai, taga ɗaya. Ban roƙe ta komai ba.

Laraba, 29 ga Yuni. Da yamma.

Bilya ya dawo. Ya ce ya ba ta hannu da hannu, ta karanta a tsaye, ta shiga ɗaki. Ba ta ba shi amsa ba.

Lahadi, 3 ga Yuli. Azahar.

Gero ya kai gwiwa. Takardar hukuma ta zo, in kai lasin Kano kafin ƙarshen wata. An ce an janye Tsohuwa zuwa ƙarshen fili, cikin ciyawa, an rufe mata farfela da buhu. Na yi barcin rana, ban ga komai ba.

Alhamis, 7 ga Yuli. La'asar.

Bilya ya tsaya da motarsa a bakin rumfa yana zagin kaya. Shi da wani fasinja suka sauke wani abu naɗe da buhuna, suka mirgino shi. Na tambaye shi wasiƙa, ya ce babu, ko gaisuwa ba ta ba shi ba, ta dai ce a kula kada ya tsage.

Na kwance buhunan. Turminta ne, na icen ɗorawa, wanda uwarta ta ba ta ranar aurenmu, da taɓarya biyu ɗaure a jikinsa.

Huseina ta fito ta zagaya shi, ta buga gefensa da tafin hannu. Ta ce wa mijinta mace ba ta aika turminta inda ba za ta zauna ba, sai su fara neman inda za a yi madafa. Na ce ƙila dai wurin ajiya ta rasa. Huseina ta ce in yi wa injina wannan bayanin.

Bai shiga ta ƙofar ba. Malam Rabe ya ɗauko guduma muka cire ƙyauren, muka shigar da shi a kwance. Ya cinye rabin ɗakin. A kansa na ɗora littafin nan nake rubutu, ƙyauren yana jingine a waje, hadari kuma yana tasowa ta gabas.